Wa za mu kai wa damuwarmu? Jawabi ga iyalai a sansanin Minawao

  

Mun tara ku yau ne a kan ciwon da ido ba ya gani. Tun da aka buɗe sansanin nan a 2013, shekaru sun shuɗe, amma har yanzu akwai mai kwana ido biyu, akwai wadda ƙarar babur ke sa gabanta faɗuwa, akwai yaron da ya koma fitsarin kwance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da irin wannan larura. Saboda haka kada kowa ya ji kunya. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana kama mai imani da mai ƙarfin hali, kuma yana jin magani.

Masu taimakawa iri uku ne. Na farko mai ba da shawara, wanda aka horar ya saurare ku, ya koya muku dabarun kwantar da zuciya. Wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar zama 5 ne kawai, sau ɗaya a mako, kowane zama kamar minti 90. Na biyu nas ko likitan asibitin sansani, shi ke duba ku ya rubuta magani in akwai buƙata. Na uku likitan ƙwaƙwalwa, wanda ake tura mutum wurinsa da takardar asibiti idan ciwon ya yi nauyi. Ku fara da asibitin sansani, ko ku tambayi ma'aikatan lafiya masu zagayawa gida-gida su nuna muku ƙofa.

Ranar da kuka fara zama da mutum, kuna da 'yancin yi masa tambaya. Wace ƙungiya yake yi wa aiki? Ina katinsa na aiki? Wa zai ji abin da na faɗa? Mai gaskiya zai gaya muku cewa maganarku amana ce, ba za ta kai kunnen miji ko maƙwabci ko shugaban unguwa ba, sai fa idan ran wani na cikin haɗari, a nan ma zai sanar da ku matakin da zai ɗauka.

Mace na iya cewa mace take so, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda Hausa ba ta zauna masa a baki ba, ya nemi mai jin Barbarci ko Glavda ko Mafa. In tafinta ɗan unguwarku ne kuma kuna jin nauyinsa, ku nemi a sauya shi. Kada a sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta a irin wannan magana.

Bayan zama biyu ko uku, ku auna da kanku. Yana barinku ku gama magana? Yana girmama addininku? Yana tilasta muku ba da labarin ranar da aka kai hari alhali ba ku shirya ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan hankalinku bai kwanta da shi ba, ku nemi wani. Wannan ba zai taɓa katinku na abinci ba.

Wannan taimako kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko rabon abincinku, ko ya nemi mace da lalata, ko ya yi alkawarin fitar da ku ƙasar waje, ku kai ƙararsa ofishin HCR.

Addu'ar liman da ta fasto tana ƙarfafa zuciya, ku riƙe ta tare da zuwa asibiti. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɗaure marar lafiya da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci. Maganin baƙin ciki mai tsanani kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada a daina sha ba da sanin likita ba. Tiramadol na kasuwa kuwa ƙara ciwon yake yi.

Akwai abin da ba ya jiran gobe. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa zai kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa, a kai shi asibiti nan take. Wadda aka yi wa fyaɗe ta isa asibiti cikin awa 72, domin maganin rigakafin ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki.

Iyayenmu, ku duba gidajenku. Wanda kuka ga ya daina shiga mutane, ku zauna kusa da shi, ku ce masa: tashi mu je tare. Allah ya ba mu lafiya, ya mayar da mu gida cikin aminci.