Jawabin Buɗe Masaukin Waɗanda Suka Fito Daga Gidan Gyaran Hali a Yelwa

Mai Martaba Sarkin Yauri, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da dagatan Yauri da Ngaski da Shanga. Malamanmu, jami'an Hukumar Gidajen Gyaran Hali, iyaye mata da 'yan'uwa.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗora wa wannan hukuma koyar da sana'a da shirya ɗaurarre komawa cikin jama'a. Doka ta yi nata. Sai dai ikon gandiroba a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ranar sallama mutum zai fito da rigar da aka kama shi da ita, ba kuɗin mota, ya tarar matarsa ta koma gidansu, gonar an jinginar, maƙwabci ya gan shi ya kau da kai. Kuma kusan biyu cikin uku na masu zaman tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Wani sai ya shafe shekaru kafin alƙali ya wanke shi, amma a gari ya riga ya zama "tsohon fursuna".

Mu nan mun san zafin rasa gida. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutum sama da 40,000, Gungawa suka bar tsibiran kakanninsu. Da ba a gina masu matsuguni ba, da ina za su nufa?

Abin da wannan gida zai bayar kaɗan ne: ɗaki, tabarma, tuwon dare, malami, da wa'adin 'yan watanni har mutum ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya fi wuya yana hannunku, wato mai tsaya masa. Sarkin ruwa, a ba shi gurbi a jirgi, ya koyi jefa birgi da gyaran taru. Masu sassaƙa jirgi, ku ɗauke shi almajiri. Dillalan albasa, ku damƙa masa buhu, ku gwada amanarsa. Wanda aka zalunta kuwa ba mu manta da haƙƙinsa ba; limamai da masu unguwa ne za su zaunar da shi da wanda ya zalunce shi a nemi yafiya kafin a koma gida.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka sa mana albarka, ka buɗe wannan gida da hannunka.