Rawar Baba a Gonar Gayya

 

Yau zancen rawa za mu yi. Na san wata har ta miƙa hannu za ta kashe rediyo. Haba Hajiya, ɗan dakata tukuna. Abin da ya jawo zancen wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Jega. Ta ce bikin ɗiyarta saura wata ɗaya, yarinyar ta kafe sai an yi dina, kuma sai mahaifinta ya fito fili ya taka rawa da ita, irin yadda take gani a waya. Maigida ya ce ko a mafarki. Yarinya ta shiga ɗaki tana kuka, uba ya daina cin abinci a gida, uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Tambayarta ita ce, wa za ta ba haƙuri?

Kafin in ba ki amsa, bari in ba ki labarin nawa uban.

Ni 'yar Katanga ce, kuma 'yar fari. Kun san abin da wannan ke nufi a ƙasar Hausa: Baba bai taɓa kiran sunana ba, iyaka ya ce “ke”. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. A daminar 1991, shekarar da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato, ina da kamar shekara tara, aka yi gayya a gonar wani dattijo. Mu 'yan mata aka ɗora mana ƙoren fura. Muka tarar maza sun jeru a kunya-kunya, makaɗa na biye da su da gangar noma. Ga waɗanda ba su sani ba, kowane gwanin noma yana da takensa, wani ma gadonsa yake yi. Na Baba, na mahaifinsa ne.

Ana buga taken nan, wallahi sai na ga wani mutum daban. Baban da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya cilla hauya sama ya cafe, ya yi kirari, ya taka, ya juya, ƙura ta tashi. Ban san sa'ad da na sauke ƙwarya na shiga kwaikwayonsa a bakin gona ba. Ya gan ni sarai, amma ya kau da kai. Da dare ina kwance na ji yana ce wa innarmu, “Ɗiyag ga ƙahwata ta ɗauko.” Shi ke nan abin da ya faɗa. Amma daga ranar, in farin wata ya fito muna gaɗa a dandali, sai ya matso da tabarmarsa ƙofar gida, wai iska yake sha.

Ba mu taɓa rawa tare ba, ni da shi, har ya koma ga Allah. Sai dai ku ji inda abin ya yi mini rana. Shekara biyu da aurena zama ya yi tsami, na yi yaji. Kwana uku ina gida, kunya ta hana shi tambaya, ta hana ni faɗa. Daren na uku na kai masa tuwo. Da ya gama ci sai ya kife akushin, ya shiga buga takensa da yatsu, a hankali, ba ya kallona. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, daga nan bakina ya buɗe na faɗa masa kome. Washegari da kansa ya je gidan surukaina, aka zauna aka gyara. Ina nan a ɗakina har yau.

Da na haifi mace kuwa, ai sai kunya ta ƙare. Kun san wasan kaka da jika. Yana kiranta “amaryata”, ya kama hannunta suna tsalle a tsakar gida, kaji na watsewa. Rawar da ya kasa yi da ni, jikarsa ya biya. Ita ce yanzu ke buga wa ɗanta taken nan a bayan kwano, ba ta ma taɓa ganin gayya ba. Yo ina za ta gani? Maganin feshi da 'yan ƙwadago sun karɓe aikin, dandali kuma ya mutu, kowace yarinya ta ƙura wa waya ido. In kina son ganin makaɗan gargajiya da yawa a wuri ɗaya, sai dai ki jira bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934.

To, mu koma Jega. Rawar uba da amarya a gaban jama'a al'adar bikin Turawa ce, daga Amurka da Ingila ta biyo finafinai da waya ta iso mana. Ni dai ban ga laifin maigidanki ba. Dattijon da ya yi furfura, a jawo shi gaban mai sa kiɗa, maza da mata a cakuɗe, kowa ya ɗaga waya, gobe a gan shi a TikTok? In ya ƙi, mutuncinsa ya kare, da nata.

Amma ita ma yarinyar kada a ce mata mara kunya a wuce. Ki saurare ta da kyau. Ba rawar ce ta dame ta ba. Shekara ashirin tana gaishe shi a durƙushe, yana amsawa da “lafiya”, ga shi za ta bar gidan, tana so ko sau ɗaya ta ga yana murna da ita a fili. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata cewa in Nana Faɗima ta shigo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan miƙe ya tarbe ta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Kuma ranar wata idi, Sayyidina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin ɗiyarsa Nana A'isha, ya tsawata, Annabi ya ce a ƙyale su saboda idi ne. Hukuncin kiɗa da iyakokinsa na malamai ne, ku tambaye su, amma nuna wa ɗiya so babu gardama a kansa.

Saboda haka ga shawarata. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, ki ce, “Malam, yarinyar nan ba dina take nema ba, kai take nema.” Ranar sa lalle, kafin baƙi su cika gida, a tara 'yan ɗaki kawai, gwaggonni da kakanni, a kife ƙwarya a ruwa, a ajiye wayoyi. Ya shigo. In ƙafa ta motsa, to madalla. In ba ta motsa ba, ya liƙa mata ko naira ɗari biyar ce, ya dafa kanta, ya sa mata albarka da sunanta. Ke kuma amarya, in kina jina, tashi ki wanke fuska, ki dafa abin da Baba ya fi so, ki kai masa da hannunki yau ɗin nan.

'Yar uwa ta Jega, muna jiran wasiƙarki bayan biki, mu ji yadda aka ƙare. Allah ya sa alheri, ya ba da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.