Jawabin Shugaban Cibiya a Bikin Yaye Ɗaliban Gina Shafukan Kasuwanci

Mai girma wakilin Kwamishina, mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, malamanmu, Allah ya gafarta muku, shugabannin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, iyaye, 'yan jarida, da ɗalibanmu masu bikin yau.

Alhamdu lillahi, yaran nan sun iya gina shafi da WordPress, sun iya ɗora masa kanti da WooCommerce, sun iya haɗa shi da Paystack, mai saye ya biya yana Legas, atamfa ta tashi daga Kwari. Wasunsu har Joomla da Drupal sun taɓa. WordPress ɗin nan da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yau ita ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet. Lasisinta na GPL ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya nemi kuɗi da ita, ba a cajinsa ko kwabo.

To, bari in ajiye takardar nan. Na baya can, a rage danna waya, da ku nake.

Ƙorafi na zuwa mini. Alhaji ya ba ka aiki, sai ka yi rajistar adireshin shafinsa da sunanka da imel ɗinka, kalmar sirri kuma a cikinka. Ranar da kuka saɓa, ka rufe masa shafi. Ko ka tafi bautar ƙasa, wayarka a kashe, shekara ta cika ba a sabunta ba, wani ya saye sunan, alhali bawan Allah ya riga ya buga shi a jikin leda da allon shago. Wallahi wannan cin amana ne. Manhaja ta kowa ce, amma adireshi na mai kanti ne. Ko .ng ne da NiRA ke kula da shi, ko .com, sunansa za a sa, a rubuta masa kalmar sirri a takarda, a damƙa masa a gaban shaida. Wanda muka samu da akasin haka, za mu karɓe takardar shaidarmu, ko ɗan waye.

Ku ma alhazai, kuɗin masaukin shafi da na gyara duk shekara ne, ba wai a ce Allah ya sa albarka a wuce ba.

Ranka ya daɗe, muna roƙo ka taso ka miƙa takardun shaida.