Guzurin Mai Neman Ilimi a Ƙasar Waje: Rabon Zakka da Rabon Wakafi

Jawabin da aka gabatar a madadin Kwamitin Amintattu a taron shekara na masu bayarwa da kwamitocin masallatai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Daga cikin takardun neman taimako da ke iso mana ta hannun kwamitocinku, waɗanda suka fi yi mana nauyin yanke hukunci su ne na karatu a ƙasashen waje. Iri biyu ne. Akwai na yaron da ya sami gurbin karatu yana neman abin da zai kai shi. Akwai kuma na wanda ya riga ya tafi, guzuri ya yanke masa a tsakiyar hanya. Tun da dukiyarku ce ake nema, haƙƙinku ne ku san matsayar da muka ɗauka da dalilanta.

Fita neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasashenmu. Tun a ƙarni na 13 na Miladiyya mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki. A da, a Azhar akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Borno, kamar yadda aka keɓe wa na wasu ƙasashe, kuma daga wakafi ake ciyar da su. Malam Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura ɗalibai Bakht al-Ruda ta Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi. Abin lura a nan shi ne, magabata sun fara tanadar wa ɗalibi wurin kwana da abinci mai ɗorewa kafin su ce masa Allah ya kiyaye hanya.

A yau babban abin da ke karya wannan tanadi shi ne canjin kuɗi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni na wannan shekara aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu ɗauki misalin makarantar da ke karɓar dala 5,000 a shekara. Uban da ya yi lissafi da tsohon farashi ya tanadi naira miliyan 2 da dubu 300. Cikin watanni tara, kuɗin makarantar bai ƙaru da ko sisi ba, amma abin da zai nema ya koma naira miliyan 7 da dubu 500. Ba sakaci ya yi ba. Ya ɗauki alkawarin shekara huɗu ko shida da kuɗin wata ƙasa, alhali da naira yake samu.

Bayan canji sai rashin zaman lafiya. Yaƙin Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya kora ɗaliban likitanci gida. Na Sudan ya fi taɓa mu, domin ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da 'ya'yanmu masu yawa ke karatu a Khartoum. An kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, da yawansu babu takardun sakamakon shekarun da suka yi. Sannan akwai batun ingancin takardar shaida. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na jamhuriyar Benin da Togo. Haka kuma duk wanda ya karanto likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin a ba shi izinin duba maras lafiya.

Mutane kan tambaye mu, ina tallafin gwamnati? Asusun ba da rance ga ɗalibai, wato NELFUND, ya fara karɓar takardu a Mayun 2024, kuma rancensa babu kuɗin ruwa. Sai dai an kafa shi ne domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati na cikin gida, don haka wanda ke waje ba ya ciki. Tallafin ƙasashen waje kuwa hawa-hawa ne. Jami'ar Musulunci ta Madina tana ɗaukar karatu da masauki da alawus. Wasu jami'o'in rangwamen kuɗin makaranta kawai suke yi, su kira shi tallafi, a bar wa iyaye haya da abinci da inshorar lafiya da biza da tikitin jirgi. Masu cewa yaro zai yi aiki a can ya riƙe kansa su sani, a Ingila sa'o'i 20 a mako doka ta yarje wa ɗalibin jami'a yayin da ake karatu. Muna kuma jan kunne game da dillalan da ke zuba kuɗin aro a asusun yaro na 'yan makonni domin a nuna wa ofishin jakadanci, a biya su lada, sannan su janye abinsu. Wannan yaudara ce, akwai kuma kuɗin ruwa a cikinta, sannan yaron zai sauka a baƙuwar ƙasa hannu rabbana.

To, mene ne rabon zakka a cikin wannan? Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas. Ɗalibin da guzuri ya yanke masa a wata ƙasa yana shiga cikin matafiya. A mazhabarmu ta Malikiyya ana ba matafiyi abin da zai kai shi gida, ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar tafiyarsa ba ta saɓo ba ce kuma bai sami mai ba shi rance ba. Wanda bashin makaranta ya danne shi yana iya shiga cikin mabarta. Wanda kuma fakiri ne, talaucinsa ya isa hujja. Amma malamanmu sun kafa iyaka: ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai idan na can sun fi tsananin buƙata. Ba a kuma jinkirta ta idan ta wajaba, ba a ba da ita rance, domin mallaka wa mai haƙƙi ake yi. Kuɗin shekara ɗaya na ɗalibi ɗaya a waje zai iya ciyar da gidajen zawarawa da marayu da dama a unguwar da aka tara zakkar. Ba mu da ikon yi wa mutum alkawarin shekara huɗu da zakkar da ba ta riga ta wajaba a kan masu ita ba.

Dogon alkawari aikin wakafi ne. Asalinsa yana nan, amfaninsa yana zuwa kowace shekara, kuma mai wakafi yana da damar gindaya sharaɗin inda za a kashe. Malikiyya sun halatta wakafin tsabar kuɗi domin a riƙa ba da rance, sun kuma halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci. Akwai abin koyi a shirin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya daɗe yana gudanarwa ga al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba: ɗalibi yakan karɓi tallafin a matsayin rance maras ruwa, bayan ya kama aiki ya biya cikin wani asusun amana na ƙasarsu, da shi a ɗauki nauyin na bayansa. Sai dai a lura, wanda aka ranta wa naira, naira zai biya ko da darajarta ta faɗi. Saboda haka asusun rance kaɗai ba zai rayu ba sai an jingina shi da kadara mai kawo kuɗi, kamar shaguna da gidajen haya da gonaki.

Bisa wannan, ga matsayarmu. Na farko, zakka za mu sa ta ne wajen ceto: ɗalibin da ya maƙale a dawo da shi gida, ko wanda saura ƙiris ya gama a cika masa, bayan an tabbatar da halinsa. Na biyu, ba za mu ɗauki sabon ɗalibi ba sai amfanin wakafi ya isa ya kai shi ƙarshen karatunsa, an kuma ware wani kaso domin tashin canji. Na uku, za mu fifita fannonin da al'umma ke ƙishirwarsu kuma gurbinsu ya yi ƙaranci a gida, musamman horar da 'ya'ya mata a aikin likita. Wanda zai iya samun karatunsa a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a can za mu taimake shi. Na huɗu, kuɗin makaranta kai tsaye za a biya makarantar.

Ya ku shugabannin kwamitoci, ku ne kuka san gidaje. Kafin ku sa hannu a takarda, ku nemi a kawo muku lissafin dukkan shekarun karatu da kuɗin ƙasar da za a je. Ku tambayi wa zai biya shekara ta biyu da ta uku. Ku tabbatar hukumomin Nijeriya sun amince da makarantar. Ku karanta takardar tallafin da kanku, ku ga abin da ta ɗauka da abin da ta bari. Kada kuma a yi shelar tara kuɗin tikiti bayan sallar Juma'a alhali ba a san mafitar sauran ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faɗa wa uba gaskiya tun yaronsa yana gida ya fi sauƙi a kan neman yadda za a dawo da shi bayan an sayar da gona.

Ku kuma masu bayarwa, muna roƙonku ku ci gaba da fitar da zakka a kan lokacinta, sannan ku dubi wakafin ilimi. Mai shago ɗaya zai iya tsayar da hayarsa na shekara biyar. Masallatai goma za su iya haɗuwa su ɗauki ɗaliba ɗaya har ta gama. Waɗanda aka taɓa ɗaukar nauyinsu, yau suna aiki a gida ko a waje, ƙofa a buɗe take su mayar da alheri.

Allah ya karɓa daga gare ku, ya sanya albarka a dukiyoyinku da zuriyarku. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke baƙunta, ya dawo da su da ilimi mai amfani.