Madubin saitin bindiga mai araha: abin dubawa kafin ka zaro kuɗinka

Daga nan Rijiyar Zaki a ƙaramar hukumar Ungogo nake magana. Yau zancen na matasa ne masu sha'awar harbi, waɗanda ke ta tambaya ta akwatin saƙo: wane madubin saiti zan ɗora wa bindigata wanda ba zai cinye min aljihu ba? Wasu na ce masa sikof, wato bututun nan mai gilashi da ake ɗaurawa a bayan bindiga don ya jawo abin harbi kusa.

Kafin mu taɓa madubi, bari mu san bindigar tukuna. Wadda kuke gani a bidiyon 'yan Amurka suna harbin gwangwani da zomo, yawanci rimfaya ce. Ana kiranta haka ne saboda sinadarin da ke tayar da albarushi yana gefen gindin harsashin, ba a tsakiya ba. Mafi shahara ita ce .22 LR, wadda ta fito tun 1887, kaurin harsashinta kusan milimita 5.6. A nan wajenmu kuwa, abin da ya fi kusa da ita shi ne bindigar iska, mai cin ƙwayar dalma ta milimita 4.5 ko 5.5, irin su Gamo ta Sifaniya, Hatsan ta Turkiyya da Diana ta Jamus. Dukkansu na harbin kusa ne, kuma madubinsu kusan iri ɗaya ne.

To, ga inda da yawa ke tafka kuskure. Suna ɗauka bindigar iska kayan wasa ce. A dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, bindigar iska da bindigar farauta rukuninsu ɗaya, kuma lasisin riƙe su a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Ita kuwa bindigar gargajiya ta mafarauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Saboda haka matakin farko ba kasuwa ba ce, Bompai ce. Ka je hedikwatar 'yan sanda ka ji halin da ake ciki. In ba ka da takarda, malam, ajiye kuɗinka. Riƙe bindiga ba izini laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Ga mai lasisi kuma, mu shiga lambobi. Za ka ga an rubuta 4x32 ko 3-9x40 a jikin madubi. Lambar farko ita ce sau nawa yake jawo abu, ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wato 4x32 yana jawowa sau huɗu, ba ya canzawa. Shi kuma 3-9x40 kana murɗa shi daga sau uku zuwa tara. Mai talla a intanet zai nuna maka 6-24x50 mai fitila ja da kore, a farashin da bai kai na waya mai madannai ba, ya ce ai wannan shi ne ƙarshe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gafiya ko kuregen da ke tone maka gyaɗa yana mita ashirin ko talatin ne daga inda kake. Me za ka yi da sau ashirin da huɗu? Duk yadda jawowa ta ƙaru, filin da kake gani yana tsukewa, hoton yana dushewa, rawar hannunka ma tana ninkuwa.

Ga wani ɗan lissafi mai sauƙi. Raba faɗin gilashi da yawan jawowa, za ka samu kaurin hasken da ke isa idonka. A 4x32 ka samu milimita 8. A 6-24x50, in ka murɗa shi ƙarshe, milimita 2 da ɗan ɗoriya ne kawai. Shi ya sa da asuba ko gab da magariba ƙaramin ya fi babban haske. Ni a nawa ganin, in kuɗinka kaɗan ne, 4x32 na kamfani sananne ya fi maka. Kayan cikinsa kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan ne.

Abu na biyu, ka leƙa ta ciki, za ka ga layuka biyu sun gitta juna, mu kira su gicciye. Ɗora madubin a kan tebur, ka saita gicciyen a kan wani abu mai nisan mita ashirin da biyar, sai ka ɗan motsa kanka hagu da dama ba tare da ka taɓa shi ba. In ka ga gicciyen yana yawo a kan abin, to ba a gyara madubin don wannan nisan ba. Na manyan bindigogi yawanci a yadi ɗari ake daidaita su, kusan mita 91, na rimfaya kuwa wajen yadi hamsin. Ka nemi wanda aka rubuta na rimfaya ne, ko mai haruffan AO, wanda ke da zobe a gaba da za ka murɗa ka zaɓi nisan da kanka.

Na uku, kuma wannan ya shafi masu bindigar iska mai sifirin, wadda ake karyawa a ɗana. Ita tana girgiza baya sannan ta fizga gaba, kuma wannan fizgar tana kwance gilashin madubin da ba a yi shi dominta ba, ko da mai tsada ne. Dole ka tabbatar an rubuta cewa yana jure bindigar iska. Kamfanoni irin su Hawke da UTG suna yin irinsu. Amma a kula, jabu ya cika kasuwa. In ka ga babban suna a farashin banza, ka san araha ba ta ado.

Na huɗu, maƙalai. Wato zoben da ke riƙe madubin a jikin bindiga. Layin da ke bayan bindigar iska yawanci milimita 11 ne, bututun madubi kuma inci ɗaya ne ko milimita 30. Ka auna kafin ka saya. Madubi mai kyau a kan zobe mai sako-sako asarar kuɗi ce, don haka ka ware wa zobe nasa kason tun farko.

Yanzu jarrabawa ta gaskiya: shin yana riƙe saiti? Bayan ka daidaita shi a kan takarda, murɗa maɓallin sama sau goma, na dama sau goma, sannan ƙasa goma, hagu goma. In harbinka ya dawo inda ya fara, madalla. In bai dawo ba, mayar wa mai shi. A mafi yawansu, ƙas ɗaya na maɓallin yana matsar da harbi kusan milimita 7 a mita ɗari, wato ƙasa da milimita 2 a mita ashirin da biyar. Sannan lokacin hunturu ka rufe gilashin da murfinsa. Kar ka goge ƙura da bakin riga, hure ta tukuna, in ba haka ba ka kankare shi.

Sai magana mafi nauyi. Madubi yana nuna maka abin da kake so ka harba, amma yana ɓoye maka abin da ke gefe. Ku dubi yankin nan namu. Gona na jingine da gona, gida na bayan gero, yara na kiwon awaki, mata na roron wake, ga gine-gine sun taso ta hanyar Gwarzo har sun haɗe da ƙauyuka. Harsashin .22 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya, kuma yana tsalle in ya daki ruwa ko ƙasa mai tauri. Ƙwayar bindigar iska ma tana tsiyayar da ido, tana iya kisa. Don haka kar ka harba sama kan bishiya, kar ka harba cikin dawa mai duhu. In babu tudun ƙasa a bayan abin da ka saita, sauke bindigar. Kuma kar ka taɓa leƙa mutum ta madubin bindiga wai don ka gane ko wane ne. Duk inda madubi ya kalla, nan bakin bindiga ya kalla.

In kuma tsuntsayen jan baki ne suka dame ka a gona, ba aikin bindiga ba ne sam, garken ya fi ƙarfin harbi.

To jama'a, a taƙaice: takarda tukuna, sannan ƙaramin madubi mai riƙe saiti, sannan ido a kan abin da ke bayan abin harbi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.