Wasan Birai da Tarbiyyar Yaranmu: Jawabi ga Iyaye da Matasa

Yau zan yi magana a kan wani wasan kwamfuta da mutane da yawa ba su kula da shi ba, mai suna Ancestors: The Humankind Odyssey. Kamfanin Panache Digital Games na birnin Montiriyal a Kanada ne ya fitar da shi a 2019, a ƙarƙashin jagorancin Patrice Désilets, wanda ya jagoranci aikin Assassin's Creed na farko a 2007.

Labarin yana farawa a dajin Afirka, shekara miliyan 10 da suka wuce bisa lissafin masu binciken juyin halitta. Mai wasa yana riƙe da garken birai. Ba a koya masa kome sosai. Shi zai gano ganyen da ke warkar da ciwo, da yadda ake fasa dutse, da yadda ake tsere wa maciji da kada.

Na san wasu iyaye za su ce wannan ya saɓa wa abin da muka koya daga Littafin Farawa. Kada mu ƙwace na'urar mu yi shiru. Mu zauna da yaran, mu ji tambayoyinsu, mu amsa da haƙuri. Yaron da bai sami amsa a gida ba zai neme ta a waje.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓi. Idan babban biri ya goya jariri, yakan koyi abubuwa da sauri, amma yana kai jaririn cikin haɗari. Idan ka tarar da baƙon biri yana ciwo ko ƙishirwa, za ka iya wucewa, ko ka taimake shi ya shiga garkenka. Kuma duk dabarar da ba a tabbatar da ita ba kafin a wuce ga zuriya ta gaba, sai ta ɓace.

Wannan darasin namu ne, mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu. Abin da ba mu miƙa wa yaranmu ba zai tafi tare da mu. Matasa, idan kun yi wasan, ku tambayi kanku: me na yi da baƙon nan? Allah ya ba mu hikima.