Jawabi Ga Masu Gida A Kan Baƙin Da Ke Sallama A Ƙofa

Na sani waɗansunku daga gona suka taso, waɗansu daga kasuwa, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba. Magana ɗaya ta kawo ni, ita ce maganar mutanen nan masu akwatin sanyi da littafi, waɗanda kan tsaya a ƙofar gidajenmu su yi sallama, su ce, "Akwai yara a gidan nan?"

Watakila wani zai ce, ai wannan zancen mata ne, don me aka tara maza? To, ga dalili. Mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke goyo, amma mai gida ne ke riƙe da ƙofa. In ya ce a shiga, a shiga. In ya ce kada a shiga, to, ko maganin yana zaure ba ya isa bakin yaro. Da yawanku samari ne, ɗa ɗaya ko biyu gare ku, ko kuwa amarya tana da cikin fari. Da ku nake.

Bari mu fara da abin da ya wuce, domin wanda ya san jiya ba a ruɗinsa yau. Ku tambayi tsofaffinku labarin agana. Ciwo ne da kan shiga gari ya kashe na kashewa, ya makantar da waɗansu, ya bar sauran da zanzana a fuska. Masu lamba suka bi ƙauye ƙauye suna tsaga dantse, mutane suna gudu suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Amma ba a fasa ba. Mutum na ƙarshe da agana ta kama ta hanyar yaɗuwarta a gari, a ƙasar Somaliya yake, a shekarar 1977, kuma a 1980 aka yi shela duniya duka ta rabu da ita. Yau wa ya taɓa ganin mai agana a cikinku?

Haka kuma kurkunu. Da aka ƙidaya a 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, manoma suna kwance da damina, gona tana cin ciyawa. Ba allura ce ta kawar da shi ba. Mutane ne suka bi gida gida suna koya wa jama'a tace ruwan tafki da ƙyalle, da hana mai kurkunu tsoma ƙafa a ruwan sha, Janar Yakubu Gowon ma ya shiga ƙauyuka saboda wannan aiki. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi.

Ba na ɓoye muku, zargin da waɗansu ke yi ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, abin ya kai ga shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Amma ku dubi abin da gudun ya jawo. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da waɗansu jihohi, sai ciwon ya bazu, har ya ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da shi. A 2004 aka koma, sarakuna da malamai suka sa hannu. Yaran ƙarshe da asalin ƙwayar ta nakasa a Nijeriya, a Borno aka same su a 2016, kuma a 2020 aka yi shela Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana ɗigon, domin akwai wani reshe na ciwon da kan ɓulla inda yara da yawa ba su samu ba. Saboda haka, in mai magani ya zo, tambaye shi: mene ne wannan, maganin me ne, daga ina? Tambaya hakkinka ce. Rufe ƙofa kuwa, yaro ke biyan kuɗinsa.

Yanzu ga abubuwa biyar da nake roƙon kowane mai gida ya riƙe.

Na fari, izini. Na san wani mutum da ya tafi fatauci ya bar matarsa da tsohon ciki. Naƙuda ta zo, ta yi kwana biyu, mutanen gida suna cewa ba a fita da ita sai da izinin mijinta. Kafin ya dawo, ɗan ya mutu a ciki, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mutumin nan ba mugu ba ne, yana son matarsa. Kalma ɗaya ce kawai bai bari ba. To, kai ka bar taka tun yau. Ka faɗa wa matarka a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, ka ce, "Ko ba na nan, in abu ya taso, a kai ta asibiti." Ka ajiye kuɗin mota a inda ta sani. Ka bar ta ta je awon ciki tun cikin yana ƙarami, a auna jininta, a ba ta maganin ƙarin jini da allurar da ke tsare jariri daga sarƙewar haƙora. In ka ga jini ya ɓalle mata, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko naƙuda ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba a sauka ba, kada ka jira gari ya waye.

Na biyu, nono. Ruwan nono na fari, mai kauri mai rawaya, wanda ake kira dakashi, waɗansu kan matse shi su zubar, wai ƙazanta ne. Wannan kuskure ne babba, gama shi ne rigakafin fari da Allah ya tanadar wa jariri. A sa shi a nono cikin sa'ar da aka haife shi. Daga nan har wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara ce, domin mafi yawan nono ruwa ne. Ruwan da ake ɗura wa jariri shi kan kawo masa gudawa. Aikinka a nan shi ne ciyad da uwar, da wake da gyaɗa da zogale da ƙwai, gwargwadon hali. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu mai kauri, ana ci gaba da nono har shekara 2.

Na uku, kati. Ga inda karatun da kuka koya zai yi muku rana. Kowane yaro da aka kai rigakafi ana ba shi kati, a rubuta ranar komawa. Da, sai ka nemi wani ya duba maka. Yanzu kai da kanka za ka karanta. Ana farawa ran haihuwa ko cikin kwanakin fari, sa'an nan a koma a mako 6, da mako 10, da mako 14, sai allurar ƙyanda a wata 9, a sake ta a wata 15. Alluran makonnin nan suna tsare yaro daga tarin shiƙa da mashaƙo, ciwon nan da ya kashe yara da yawa a Kano a 2023. In jikin yaro ya yi ɗumi kwana ɗaya bayan allura, kada ka ce an sa masa ciwo. Jiki ne ke koyon yaƙi.

Na huɗu, gudawa. Ba gudawar ce kan kashe yaro ba, ƙarewar ruwan jikinsa ne, kamar shukar da ba a yi wa ban ruwa ba. Alamarta, ido ya faɗa, baki ya bushe, maɗiga ta lotsa. Maganinta ruwan gishiri da sukari, wanda ake samu a ƙunshe a asibiti. A zuba ƙunshi ɗaya a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, kai ne za ka karanta. In babu shi, a sami tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, kada a hana shi nono, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Na biyar, sauro. Tun 1897 wani likita mai suna Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin cikin sauro. Ba ɗanyar masara ke kawo shi ba, ba kuma iskar damina ba. Gidan sauron da aka ba ka, na mai ciki ne da yara, ba na shingen lambu ba ne. Da damina kuma ma'aikata kan zo wata wata da maganin rigakafin zazzaɓi domin yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Su kan ba da na ranar fari da hannunsu, su bar muku na kwana biyu. Ka tabbata an ba da su. In yaro ya ƙi nono, ko yana amayad da kome, ko ya sanƙame, ko numfashinsa yana sauri, ɗauke shi ka tafi, ko tsakar dare ne.

Wani zai ce, ai rai da ajali na Allah ne. Gaskiya ne, babu mai musun wannan. Amma wanene a cikinku ya taɓa zama a gida da damina, bai yi shuka ba, ya ce abinci na Allah ne? Kuna shuka, kuna noma, sa'an nan ku roƙi Allah ruwa. To, haka sha'anin yaro yake, gama shi amana ne a hannunku.

Abin da nake roƙo, yau in kun koma gida, kowa ya ce a ɗauko masa katin ɗansa, ya karanta ranar komawa da bakinsa a gaban uwar. Wanda ɗansa ba shi da kati, ya nemi malamin asibiti gobe. In kuma masu akwatin nan sun yi sallama, a amsa musu, a shimfiɗa musu tabarma.

Allah ya raya mana zuriya, ya sauki matanmu lafiya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.